Yadda Ake Haɗa Kilishin Naman Sa a Gida da Yadda Ake Adana Shi

Kawuna, wanda ya shafe shekaru yana sana'ar fawa a Daura, idan za a yi kilishi yakan fito tsakar gida tun bayan sallar asuba ya ɗaga kai ya dubi sama, kafin ya aiki kowa kwata. Idan ya ga alamar hadari, ko gari ya tashi da lumshi, sai ya ce a bari sai gobe, ko da kuwa akwai wanda ya riga ya ba da kuɗinsa yana jira. A hannunsa na koyi aikin, kuma abin da ya fi nanata mini shi ne bushewa ce ke yin kilishi, yaji da gyaɗa ɗanɗano suke ƙara masa. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin ɗanyar tsokar sa ruwa ne, kuma a kan wannan ruwa ƙwayoyin cuta da fumfuna suke rayuwa. Duk abin da za a yi, tun daga zaɓen nama har zuwa rufe mazubin da za a ajiye shi, ƙoƙari ne na fitar da ruwan nan da sauri, sannan a hana shi dawowa.

Saboda haka zaɓen lokaci yake zuwa kafin komai. A ƙasar Daura da Katsina, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, tana shanye ruwan nama ko da rana ba ta yi zafi sosai ba, sai dai tana tafe da ƙura, wadda dole a yi mata tanadi. Daga Maris zuwa Mayu, wato bazara, zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma naman da aka yanka da siranta yakan bushe cikin awa uku zuwa biyar. Wannan ne lokacin da na fi so, amma a sani cewa zafin da ke busar da shanyayyen nama shi ne ke saurin juya wanda aka bari a dunƙule cikin roba, don haka ba a jinkiri tsakanin saye da shanya. Damina kuwa, musamman watan Agusta da ake marka, ba lokacin kilishin rana ba ne. Babbar Sallah tana zuwa da wuri da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2024 ta faɗo a tsakiyar Yuni, a 2025 kuma a farkonsa, don haka masu son yin kilishi da naman layya ko na watanda a 'yan shekarun nan suna yin sa ne a bakin damina, kuma su ne suka fi buƙatar lura da sama.

Naman da ya dace shi ne tsokar cinyar sa, domin tana da girma, zarenta a miƙe yake, kitsenta kuma kaɗan ne. Tsokar gadon baya ma tana yi, sai dai ta fi tsada. A je wa mahauci da sassafe, a faɗa masa kai tsaye cewa kilishi za a yi, ya fitar da tsokar a dunƙulenta yana bin gaɓarta, kada ya sassara ta gutsi-gutsi kamar ta miya. A nemi naman da aka yanka a safiyar ranar, mai ja mai haske, wanda idan aka danna shi da yatsa yake dawowa, ba ya yauƙi, ba ya tsatsafar da ruwa. Yankinmu ba ya rasa shanu, kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa kaɗai ta isa shaida, don haka babu dalilin da zai sa mutum ya sayi naman dabbar da aka yanka a ɓoye saboda tana gab da mutuwa, komai sauƙin kuɗinsa. Araha ba ta ado. Naman kwata da jami'an lafiyar dabbobi suka duba shi ne abin nema. A watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullar cutar antiras a wata gona a Suleja ta Jihar Neja, kuma cuta ce da ke kama mutum ta hanyar taɓa ko cin naman dabbar da ta kamu. Haka nan idan ana yanka aka ga wasu fararen ƙwayoyi kamar ƙwayar shinkafa a lafe cikin tsoka, wannan alamar tsila ce, sai a mayar wa mai shi da namansa.

Da an iso gida, a wanke hannu da wuƙa da katakon yanka da sabulu, amma kada a tsoma naman cikin ruwa. Idan akwai jini ko ƙasa a bayansa, a goge da tsumma mai tsabta, ko a feɗe wurin a yar. Daga nan a zauna a cire kitse da jijiya da farar yanar da ke lulluɓe da tsoka, a cire su tas. Mutane da yawa suna jin nauyin wannan mataki domin suna ganin nama yana raguwa a gabansu, alhali kitse ba ya bushewa. Yana nan a matsayin mai, kuma bayan 'yan makonni iska takan juya shi ya koma ɗaci da warin tsohon mai, ya ɓata duk falen naman da yake jikinsa. Jijiya kuwa idan ta bushe haƙori ba ya iya mata. Abin da aka cire ba asara ba ne, ya shiga tukunyar miyar ranar.

Yanka shi ne ƙwarewar aikin, kuma a nan ake gane wanda ya iya. Ana raba tsokar zuwa dunƙule-dunƙule kamar girman dunƙulen hannu ko fiye kaɗan. Sai a ɗauki guda, a tsaga shi ta tsakiya ba tare da an raba shi biyu ba, a buɗe shi kamar littafi, sannan a kwantar da wuƙa a riƙa shiga cikin kaurin ɓangare ɗaya a hankali, ana jan abin da aka fere da hannun hagu, ana juya dunƙulen, yana warwarewa kamar ana warware rawani, har ya zama fale ɗaya mai faɗi. Wannan falen shi ake kira sala. Kaurin da ake so bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kuma abin da ya fi siranta muhimmanci shi ne kaurin ya zama ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, domin wuri mai kauri yakan bushe a waje ya bar danshi a ciki, kuma daga nan lalacewa take farawa. Wuƙa dole ta kasance siririya mai kaifi, a ajiye dutsen wasawa kusa, a riƙa wasa ta bayan kowace sala biyu ko uku. Dakusasshiyar wuƙa yagar nama take yi, kuma ita ce ta fi yanke mai riƙe da ita, saboda sai an danna ta da ƙarfi.

Ranar da na fara yanka, na miƙa wa kawu salata ta farko, sai ya kama ta da yatsu huɗu ya ɗaga ta saitin rana, ya ce, "Zo ka duba, ɗana. Ka ga nan haske yana ratsawa, nan kuma ya yi duhu? Wannan duhun ruwa ne ka ɓoye." Ya kwantar da ita a kan katako ya bi wurin da bakin wuƙa sau biyu, ya sake ɗagawa, sai ga ta ja-jawur gaba ɗaya kamar an haska fitila a bayan mayafi. Har yau da wannan gwajin nake aiki. Wanda bai saba ba, idan yana da firiza, ya sa tsokar a ciki na kamar awa ɗaya har ta ɗan sandare ba tare da ta zama ƙanƙara ba, sai ya yanka ta fale-fale ƙanana kamar tafin hannu. Ƙananan sala ba su da kwarjinin manyan da ake gani a wurin masu sana'a, amma ɗanɗanonsu ɗaya ne, kuma sun fi sauƙin juyawa. Idan sala ta huje a wani wuri babu damuwa.

Wurin shanya ya zama a sarari inda rana ke bugawa tun hantsi har la'asar, nesa da makewayi da kwatami da turken dabbobi. Masu sana'a suna amfani da gadon karan dawa da aka ɗora a kan sanduna, tsayinsa ya kai ƙugu, kuma hikimarsa ita ce iska tana shiga ta ƙasa kamar yadda rana ke bugawa ta sama. Zanen layi-layi da ake gani a jikin kilishi sawun karan ne. A gida asabari mai tsabta ko ragar waya wadda ba ta yi tsatsa ba za su yi aikin, muddin an ɗaga su daga ƙasa. Faranti da leda ba sa yi, domin suna tara ruwa a ƙarƙashin naman. A shimfiɗa kowace sala a miƙe, a ja gefunanta kada su naɗe, kada kuma wata ta hau kan wata. Bayan kamar awa ɗaya da rabi, idan saman ya kafe ya fara duhu, a ɗaga ta a hankali a juya, domin idan aka bari ta manne da karan sai an yage ta kafin ta fita.

Ƙuda shi ne babban abokin gaba a awannin farko, lokacin da naman yake da danshi, domin yana iya yin ƙwai a kansa cikin ɗan lokaci kaɗan. Maganinsa shi ne a rufe gadon da siririn yadi mai huda-huda, a ɗaga shi da sanduna kada ya taɓa naman, wanda kuma zai rage ƙurar hunturu ya hana shirwa kawo farmaki. A nan akwai kuskure guda biyu da nake roƙon kowa ya kiyaye. Na farko shi ne rufe nama da gidan sauron da ake rabawa don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, domin an jiƙa shi da maganin kashe ƙwari, bai kamata ya kusanci abinci ba. Na biyu ya fi muni, wato yayyafa fiya-fiya ko fesa maganin ƙwari a kusa da gadon shanya don korar ƙuda. Wannan guba ce, rana ba ta kore ta, wuta ma ba a dogara da ita ta kore ta, kuma yara ne suka fi cin kilishi a gida.

Ana gane shanyar farko ta kai idan sala ta yi duhu, ta yi sakayau a hannu, tana ƙara kamar busasshiyar fata idan aka kaɗa ta, kuma babu inda yake da sanyi ko laushi idan aka matsa da yatsu. Kilo uku na tsoka yakan dawo kusan kilo ɗaya a wannan mataki. Idan magariba ta gabato ba ta kai ba, a kwashe a shigar ɗaki mai iska a rataya ko a baza, kada a tara ta wuri ɗaya, kada kuma a bar ta a waje raɓa ta sauka a kanta. Da hantsi a sake fitarwa.

Yayin da nama ke shan rana sai a shiga haɗa labu, wato kunun gyaɗa da kayan yaji da ake tsoma salar a ciki. Ginshiƙinsa tunkuza ce, gyaɗar da aka soya aka niƙa aka matse mata mai amma ba a kai ga soya ta ta zama ƙuli-ƙuli ba. Ana samun ta a wurin matan da ke yin man gyaɗa a cikin unguwa, kuma a roƙe su su matse ta sosai, domin yawan mai a labu yana hana shi kama jikin nama, yana hana shi bushewa, sannan yana rage kwanakin ajiya kamar yadda kitse ke yi. Idan ba a samu ba, a daka ƙuli-ƙuli marar sukari a tankaɗe, a jiƙa garin. Ni dai na fi son in sayi gyaɗar da kaina in tsince ta ƙwaya-ƙwaya kafin in kai a yi mini tunkuza, kuma ina da dalili. Gyaɗar da ta sha danshi a rumbu ko a buhu takan kamu da wata fumfuna mai haifar da gubar da ake kira afulatoksin, wadda ke lahanta hanta, har tana cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta, kuma suya da gashi ba sa kashe ta. Duk ƙwayar da ta yamushe, ko ta canja launi, ko ta yi ɗaci, a zubar da ita, kada a bai wa ko kaji.

Ga naman da ya kai kilo uku yana ɗanye, ina amfani da tunkuza kimanin kilo ɗaya, da albasa matsakaita uku, da tafarnuwa dunƙule ɗaya, da garin busasshiyar citta cokali biyu na cin abinci, da garin barkono cokali uku ko huɗu gwargwadon yadda mutanen gida ke jure yaji, da masoro cokali ɗaya, da kanumfari rabin cokali, da kimba 'yar kaɗan, da gishiri cokali uku, da dunƙulen magi kamar shida, da sukari cokali biyu. Wasu sukan ƙara gyaɗar ƙamshi ko fasaƙwari, wasu kuma sukan sa jiƙaƙƙen dabino a madadin sukari. Wannan awo nawa ne, kowane gida da nasa, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin da zan ja kunne a kai shi ne kanumfari da kimba, domin idan suka yi yawa sukan danne ƙamshin naman su bar ɗaci a maƙogwaro. Gishiri kuwa yana taimakawa wajen ajiya, amma a tuna cewa ruwan labu zai ƙafe ya bar gishirin, don haka idan aka ɗanɗana labu aka ji gishiri ya yi daidai kamar na miya, to ya isa. A niƙa albasa da tafarnuwa su yi laushi, a haɗa da sauran kayan, a riƙa zuba tafasasshen ruwan da ya huce kaɗan-kaɗan ana damawa da hannu, har ya yi kaurin kunu mai ɗan kauri, wanda idan aka tsoma cokali zai lulluɓe bayansa ba tare da ya tsiyaye nan take ba. Yawanci ruwan bai wuce lita ɗaya ba. A haɗa labu a ranar da za a yi amfani da shi, domin idan ya kwana yakan yi tsami.

Sai a ɗauki busasshiyar sala a nutsar da ita cikin labun, a bar ta na minti ashirin zuwa talatin har ta ɗan yi laushi ta sha kayan, sannan a ciro, a bi ta da tafin hannu ta kowane gefe a daidaita abin da ya manne. Ana son labu ya rufe naman ko'ina amma da siranta. Kilishin da aka labta wa gyaɗa ya fi nauyi a sikeli, shi ya sa wasu masu sayarwa suke yin haka, sai dai yana jinkirin bushewa, kuma idan aka gasa shi gyaɗar takan ɓamɓare ta zube a ƙasan takarda. Masu son jan kilishi sukan sa kalar abinci a labu, farin kilishi kuwa shi ne wanda aka bari da launin gyaɗarsa; a ƙetaren iyaka, a Jamhuriyar Nijar, akwai kuma wanda suke kira rumuzu, wanda ba a tsoma shi a labu, mai da gishiri da yaji kawai ake shafa masa. Idan za a sa kala, a tabbata ta abinci ce. Yankakkiyar albasar da ake mannawa a sama tana ƙawata kilishi, amma tana riƙe danshi, don haka a sa ta a wanda za a ci cikin mako, a bar na ajiya haka nan.

A mayar da salar kan gado, a rufe da yadi kamar da farko. Shanya ta biyu takan ɗauki awa uku zuwa shida gwargwadon rana, ana juyawa sau ɗaya ko biyu, har sai labun ya bushe ƙamas ba ya manne wa yatsa. Idan an fara aikin da sassafe a bazara ana iya gamawa a yini ɗaya, amma ya fi kwanciyar hankali a raba shi kwana biyu, shanyar farko yau, labu da gashi gobe.

Gashi ba a tsallake shi, ko da kilishin ya bushe yana ƙamshi, domin rana busarwa take yi, ba ta kashe duk ƙwayoyin cutar da ke jikin ɗanyen nama. Ana son zafi ya ratsa naman har ya kai aƙalla digiri 71. A hura gawayi ko itace mai ƙarfi irin na kirya ko marke, a jira harshen wuta ya mutu hayaƙi ya ɗauke, ya rage garwashi ja da toka-toka a samansa. Ba na amfani da itacen bedi saboda ɗacin hayaƙinsa, kuma kada a kusanci katako mai fenti, ko a hura wutar da leda ko roba ko kananzir, domin naman yana ɗaukar warinsu. A ɗora ragar waya kamar taƙi ɗaya a saman garwashin, a shimfiɗa sala, a riƙa juyawa akai-akai na minti biyar zuwa goma. Za a ga launin ya ƙara nuna, ɗan maiƙo ya tsatso yana sheƙi, ƙamshin soyayyar gyaɗa ya tashi ya maye gurbin gafinta. A nan ba a barin wurin ko na ɗan lokaci, domin gyaɗa da sukari suna saurin ƙonewa, kuma ƙonannen kilishi ɗaci yake yi. Da an sauke shi zai yi laushi. Sai ya huce yake ƙarasa tauri.

Hucewar nan ita ce matakin da aka fi yi wa gaggawa, kuma a kanta na taɓa yin asarar da ban manta ba. Wata shekara na yi kilishi mai yawa don in aika wa ƙanena da ke aiki a Fatakwal, motar da za ta tafi da saƙon tana shirin tashi, sai na kwashe shi daga kan wuta da ɗuminsa na zuba a leda na ƙulle. Tururin da ya rage a jikinsa ya rasa hanyar fita, ya koma ruwa a cikin ledar, ga kuma laimar garin da aka kai shi. Kwana biyar bayan haka ƙanen nawa ya kira ni ya ce, "Yaya, saƙo ya iso, amma duk ya yi fari-fari da kore." Aikin kwana biyu da naman kilo biyar suka tafi juji. Tun daga ranar, idan na sauke kilishi nakan baza shi a kan raga a inuwa mai iska, in rufe da yadi, in bar shi aƙalla awa biyu, sai na taɓa na ji babu sauran ɗumi ko kaɗan sannan in naɗe. Gwajin ƙarshe shi ne a lanƙwasa sala: idan ta tsage tana nuna zare-zare busassu, ta kai, idan ta lanƙwasu shiru kamar ɗanyar fata, a mayar da ita rana.

Wajen ajiya abubuwa huɗu ake gudu, danshi da iska da zafi da ƙwari. A lokacin rani, naɗe kilishi a takarda mai kauri marar rubutu, sannan a sa shi a kwano ko gwangwani mai murfi, ya wadatar, domin takarda tana tsotse maiƙo da ɗan danshin da ya rage. Takardar buhun siminti da aka saba gani a da ba ta dace da abinci ba, haka ma jarida, saboda tawadarta tana narkewa a cikin mai ta manne wa naman. Da damina kuwa iskar ɗaki kanta tana ɗauke da laima, kuma busasshen nama mai gishiri yana jawo ta, don haka sai an nemi mazubin da ba ya shan iska, kamar kwalba mai murfin murɗawa da aka wanke ta bushe sarai, ko leda mai kauri da aka matse iskarta aka like bakinta. A raba kilishin ƙulli-ƙulli gwargwadon abin da za a ci a zama ɗaya ko biyu, domin duk buɗewar da aka yi wa babban mazubi sabuwar laima ce ke shiga, ga kuma hannayen da ke shiga ciki. A ajiye shi a wuri mai duhu da sanyi, sama da ƙasa, nesa da murhu da bangon da rana ke bugawa, inda ɓera da kiyashi ba za su kai ba, kuma kada a haɗa shi wuri ɗaya da sabulu ko turare ko kananzir. A rubuta ranar da aka yi shi a jikin kowane ƙulli.

Kilishin da ya bushe sosai, marar kitse, yana iya yin watanni a haka. Duk da haka ni nakan so a cinye na ɗaki cikin wata biyu zuwa uku, saboda man gyaɗar da ke jikinsa yana tsufa ko da naman bai lalace ba. Firiza tana tsawaita wannan lokaci ƙwarai, amma a inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, sanyi da ɗumi suna ta musanya, raɓa takan taru a cikin ledar da ba a like da kyau ba, har ajiyar firiji ta fi ta ɗaki haɗari. Idan aka ciro ƙulli daga sanyi, a bar shi a rufe har ya dawo daidai da ɗumin ɗaki kafin a buɗe.

Wanda dole ta sa shi yin kilishi da damina, ko hadari ya taso masa ana tsakiyar shanya, kada ya bar naman ya kwana da danshi yana jiran rana. Idan akwai obin na gas ko na lantarki, a jera salar a kan ragarsa, a sa zafi ƙasa-ƙasa tsakanin digiri 70 da 80, a ɗan sassauta ƙofar da cokalin katako don tururi ya riƙa fita, ana juyawa, na awa huɗu zuwa shida. Idan babu, a ɗaga raga sama sosai a kan garwashi marar ƙarfi a cikin rumfa mai iska, ba cikin rufaffen ɗaki ba, domin hayaƙin gawayi yana kisa a inda iska ba ta shiga. Kilishin da aka yi haka ya fi na rana duhu kuma ɗanɗanonsa ya ɗan bambanta, amma yana ajiyuwa.

Masu yin guzuri ko tsaraba su sani cewa ƙasashe irin su Amurka da Ingila ba sa barin matafiyi ya shiga da nama daga Nijeriya, busasshe ko ɗanye, kuma ana ƙwacewa a filin jirgi, wani lokaci har da tara. Wanda kuma yake son ya riƙa ƙullawa da sunansa yana kai wa shaguna, sai ya nemi rajistar hukumar NAFDAC.

Kowane mako biyu a buɗe ƙulli ɗaya a duba. Idan kilishin ya yi laushi kawai, babu wari babu tabo, to laima ya sha, sai a baza shi a rana na awa biyu ko a ɗan nuna masa garwashi, a bar shi ya huce sarai, a canja masa takarda da mazubi. Idan aka ga gari-gari a ƙasan takarda da ƙananan huji a jikin naman, ƙwaro ya shiga, sai a ware wannan ƙullin a duba sauran ɗaya bayan ɗaya. Amma idan aka ga fumfuna, fara ko koriya ko baƙa, ko naman yana yauƙi, ko yana wari, kada a kankare a gasa a ce wuta ta gyara, domin saiwar fumfuna tana shiga ciki fiye da inda ido ke gani, gubarta kuma tana jure zafi. A zubar da ƙullin gaba ɗaya, a wanke mazubin da ruwan zafi da sabulu, a kife shi a rana ya bushe kafin a sake zuba wani.